Zanen Jirgin Ƙasa da Sunan Mai Shi



A 'yan shekarun nan wani abu ya fara yawaita a wayoyinmu wanda a da ba mu saba gani ba, wato hoton zanen jirgin ƙasa da aka yi da hannu, da burushi da fentin mai. Wasu daga ciki aikin Turawa ne na da, an kwaso su daga shafukan gidajen tarihi. Wasu kuwa aikin 'ya'yanmu ne, waɗanda suka koyi abin a makaranta ko ta bidiyon intanet, suka zana jirgin dare da ke tashi daga Yawunde ya kwana a hanya ya wayi gari a Ngaundare. A kan wannan sana'a mutanenmu sun rabu biyu. Kashi na farko suna cewa aikin marasa aikin yi ne, tun da waya tana ɗaukar hoton jirgi kafin ƙiftawar ido. Kashi na biyu suna yabawa, su danna alamar so, su tura wa na gaba, ba tare da sun tambayi wanda ya yi zanen ba. A ganinmu dukansu suna tauye aikin, kuma tauyewar kashi na biyu ta fi muni duk da cewa ta fi daɗin ji. Matsayinmu a taƙaice shi ne: zane shaida ce da mutum ya bayar a kan abin da idonsa ya gani, shaidar da ba a san mai ba da ita ba kuwa babu alƙalin da ke karɓa.

Bari mu fara da kashi na farko, domin tambayarsu tana da nauyi. Me zai sa mutum mai hankali ya ɓata makonni yana zana tulin ƙarfe? An yi wannan tambaya a Ingila tun kusan shekara 180 da suka wuce. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Libaful da Mancesta, kuma masu zanen wancan zamani, waɗanda suka saba da zana sarakuna da dawakai da duwatsu da teku, galibinsu ba su ɗauki jirgin ƙasa abin da ya cancanci fenti ba. Ƙazanta da ƙara da hayaƙi kawai suke gani a cikinsa. A 1844 wani dattijo mai suna J. M. W. Turner, yana dab da shekara 70 kuma ya riga ya shahara da zanen teku, ya fito da wani zane a baje kolin shekara na birnin Landan. Ya sa masa suna da kalmomi uku, ruwan sama da tururi da gudu. A ciki jirgi ne ya taso a kan gadar Maidenhead da ke kan kogin Tems, cikin ruwan sama, kamar zai faso ƙyallen ya faɗo kan mai kallo. In ban da bututun hayaƙi da bakin injin, kusan babu abin da ya fito sarai. Sauran duk hazo ne da haske.

Wanda yake neman sanin yawan ƙafafun injin ba zai samu a zanen Turner ba. Abin da zai samu shi ne yadda zuciyar mutum take bugawa a ranar da ya fara ganin abin da ya fi doki gudu. A gaban jirgin, a kan dogo, Turner ya sa ɗan zomo yana gudu. Zomo shi ne ma'aunin sauri a wurin mutanen da, ga shi kuma wani sabon abu ya biyo shi a baya. Wannan magana ce da mutum ya zaɓa ya faɗa, ba abin da ya faɗo gaban na'ura ba ne bisa tsautsayi. Har yau zanen yana rataye a babban gidan zane na ƙasa da ke Landan, kuma ana zuwa kallonsa bayan injinan da ya zana sun daɗe da komawa maƙera.

Don a gane dalilin da ya sa zane yake iya faɗin abin da waya ba ta iyawa, sai an san yadda fentin mai yake. Ba irin wanda muke shafa wa ƙofa da taga muke nufi ba. Garin launi ne ake kwaɓawa da man da aka tatso daga irin kittani. Wannan mai ba ya bushewa irin bushewar ruwa. Iska ce take shigarsa a hankali har ya daskare, don haka shafi ɗaya yana iya ɗaukar kwanaki, mai kauri kuma makonni. Masu sana'ar suna da ƙa'ida cewa shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, in ba haka ba na sama ya riga na ƙasa bushewa, fuskar zanen ta tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe. Man ƙyallin da ake shafawa a ƙarshe don kare zanen ma, bisa al'ada sai an jira wata shida ko fiye. Ashe ke nan fentin da kansa yana tilasta wa mai shi haƙuri. Yau ya shafa, gobe ya koma tasha ya sake dubawa, jibi ya gano cewa tsatsar da ke gefen tarago ba ja ba ce kamar yadda ya zata, tana da ruwan ƙasa da ɗan shuɗi a inda inuwa ta faɗa. Waya tana ganin jirgi sau ɗaya. Mai zane yana ganinsa sau ɗari, kuma abin da ya rage a ƙyallensa shi ne abin da ya tsaya masa a rai bayan duk wannan kallo.

Jirgin ƙasa kuwa malami ne mai tsanani, ba ya yafe kuskure. Wanda ya zana bishiya ya karkata reshe, babu mai ganewa. Amma dogo layi biyu ne da ba sa haɗuwa, a ido kuma dole su yi ta matsowa har su haɗe a can nesa, kuma katakan da ke ƙarƙashinsu dole tazararsu ta yi ta raguwa bisa lissafi. Ƙafar jirgi da'ira ce, amma in an kalle ta daga gefe sai ta koma siffar ƙwai, kuma in ƙwan ya karkata kaɗan sai jirgin ya zama kamar zai kife. Ƙarfe yana ɗaukar launin sararin sama da safe, ya canja da la'asar. Yaron da ya iya waɗannan ya koyi awo da lissafi da lura da juriya a lokaci guda. Mun san sana'o'in da iyaye ke tura 'ya'yansu koyo shekara uku waɗanda ba su koyar da rabin wannan.

Misali na biyu daga Faransa yake. Kafin 1841 masu zane suna ajiye fenti ne a cikin mafitsarar alade, abin da ke da wuyar ɗauka da saurin lalacewa. A wannan shekara wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matsawa, irin wanda muka sani da man goge haƙori. Daga nan mai zane ya samu damar fita da kayansa waje. A farkon 1877 Claude Monet ya kama ɗaki kusa da tashar Saint-Lazare a birnin Faris, ya nemi izinin hukumar tashar, ya kafa ƙyallensa a cikinta, ya yi zane goma sha biyu na wannan tasha guda. A wani tururi ya cika rufin gilashi yana shuɗi, a wani kuma ya yi toka-toka ya haɗiye gidajen da ke baya. Tasha ɗaya ce, jiragen ma kusan su ne, amma babu zane biyu da suka faɗi magana ɗaya. Wanda yake cewa hoto ɗaya ya isa, sai ya gaya mana wanne ne daga cikin goma sha biyun nan ya kamata a jefar.

A lura kuma da cewa Monet izini ya nema. Tasha wuri ne mai dokoki da haɗari, kuma a ƙasashenmu ma'aikata ba sa son ganin baƙo yana ɗaukar hoto ko rubuce-rubuce a bakin dogo ba da saninsu ba. Duk yaron da yake son ya zana jirgi da idonsa, ya je wurin shugaban tasha da ladabi, in da hali tare da babban mutum, ya bayyana abin da ya kawo shi. Zane bai kai a kwana a hannun jami'ai saboda shi ba, balle a rasa ƙafa.

Misali na uku shi ya fi kusa da abin da ke damunmu. David Shepherd Bature ne ɗan Ingila da duniya ta sani da zanen giwaye da namun dajin Afirka. A shekarun 1960, da ya ga hukumar jiragen ƙasarsa tana yin watsi da injinan tururi, sai ya riƙa shiga rumfunan da ake ajiye su, cikin baƙin mai da toka, yana zana su yadda suke, da dauɗarsu da gajiyarsu. A 1967 ya sayi biyu daga cikinsu don kada a yanka su a sayar da ƙarfen. A watan Agusta na 1968 aka daina amfani da tururi a manyan layukan Birtaniya. Rumfunan da ya zana an rushe da yawansu. Yau wanda yake son ya san yadda haske yake ratsa hayaƙi ya sauka a bayan injin da ya rage masa 'yan makonni, wurin Shepherd zai je. Da ya jira sai abin ya zama tarihi, da bai tarar da komai ba.

Mu ma muna zaune a bakin dogon da ke canjawa a gaban idonmu. Jamusawa ne suka fara shimfiɗa shi, daga Bonaberi zuwa Nkongsamba a 1911, sannan daga Duwala zuwa Eseka. Faransawa suka kai shi Yawunde a 1927. Bayan samun 'yancin kai aka ja shi zuwa Belabo a 1969, ya isa Ngaundare a 1974, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Yawunde. A wannan jirgi shanu suke gangarawa kudu, kayan Cadi suke haurowa arewa, ɗan Birketari yake zuwa gaishe da danginsa a Garwa da Marwa, 'yar Niyu Bel take tafiya gidan miji. Duk wanda ya taɓa kwana a cikinsa ya san yadda mata masu tallar zuma da ayaba da rogo suke taruwa a ƙarƙashin tagogi da tsakar dare, fitila a hannu, suna kira. Amma jirgi ya daina zuwa Nkongsamba tuntuni. Injinan tururin da kakanninmu suka hau babu su a kan layi. Taragon yau ba shi ne na shekara talatin da suka wuce ba, kuma na shekara talatin masu zuwa ba zai zama na yau ba. Yaron da ya zauna yana zana dandalin tashar Ngaundare da asuba yana yi mana irin aikin da Shepherd ya yi wa mutanensa, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai masu tsayawa a kan hukuncin addini, kuma ba za mu tsallake su ba. Saɓanin da malamai suka yi a kan zanen abu mai rai yake, mutum ko dabba. Amma abin da ba shi da rai, kamar itace da dutse da gini, an ruwaito a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya nuna wa wani mai sana'ar zane cewa in dole sai ya yi, to ya yi irin waɗannan. Jirgin ƙasa da dogo da gada da rumfar tasha duk a wannan babi suke. Wanda yake son ya sa mutane a zanensa, ya tambayi malaminsa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Wanda ya bar su kuwa bai yi hasara ba, domin benci da buhun albasa da buta a gefen dandali suna ba da labarin matafiyi ko da ba a ga fuskarsa ba. Kada kuma mu manta cewa hannun Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin launi. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da adon da ake yi wa shafukan Alƙur'ani rubutun hannu, da zanen bangon soro, duk shaida ne.

Akwai kuma masu cewa dogo abin mulkin mallaka ne, da gumi da jinin talakawa aka gina shi, don me za a ƙawata shi? Gaskiya suka faɗa a kan tarihi. Aikin dole da aka sa mutane a yankin Njock, tsakanin Eseka da Yawunde, ya ci rayuka har sunan wurin ya zama abin tsoro a bakin mutanen kudu. A Eseka ɗin ne kuma, ranar 21 ga Oktoba 2016, jirgi ya kauce ya kife, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. Amma wannan hujja ce a kan zanen ƙarya, irin wanda ke wanke jirgi tas ya sa masa furanni kamar kalanda. Mai zane na gaskiya ba maroƙin jirgi ba ne. Yana iya zana gadar da ke cikin daji yadda mai kallo zai tambayi kansa su wa suka ɗauko waɗannan duwatsu a ka. Abin da ba a zana ba, ba a rubuta ba, shi ne ke saurin ɓacewa, kuma ɓacewarsa ba ta amfanar waɗanda aka zalunta.

Yanzu mu juya ga kashi na biyu, masu yabo da turawa. Ba ma musun alherin intanet a wannan fanni. Zanen Monet goma sha biyun nan sun watsu a duniya, akwai a Faris, akwai a Landan, akwai a Cikago, akwai a jami'ar Harbad, wasu kuma suna hannun masu kuɗi. A da sai mai fasfo da guzuri zai ga ko da uku daga ciki. Yau ɗalibi a Ngaundal yana iya jera su a wayarsa ya kwatanta. A unguwanninmu babu gidan baje zane, babu mujallar da ke bugawa, babu dillalin da ke saye. Shafin Facebook ko Instagram shi ne bango ɗaya tilo da yaro zai rataya aikinsa mutanen Kumasi da Kano da Umdurman su gani a rana ɗaya. Wannan ni'ima ce, ba kuwa ƙarama ba.

Sai dai duk zanen da ya shiga waya sai ya biya kuɗin fito. Na farko girmansa. Zanen Turner tsawonsa santimita 91 ne, faɗinsa 122, amma a waya ya koma abin da tafin hannu zai rufe, zomon nan kuwa, wanda ko a gaban zanen sai an ƙura ido, ya ɓace ɗungum. Na biyu kaurinsa. Fentin mai yana da tudu da kwari, wurin da burushi ya ja da wurin da wuƙa ta dangwala, kuma haske yana wasa a kansu in mai kallo ya gusa. Gilashin waya sumul yake. Na uku launinsa, domin kowace waya da irin haskenta, kuma manhajoji irin su WhatsApp suna matse hoto don ya yi saurin tafiya, ɗaukar hoton allo kuma tana ƙara rage shi. Waɗannan uku babu makawa, sai dai a rage su. Na huɗu shi ne wanda ke hannunmu, kuma shi ne mafi tsada: sunan mai zanen. Saƙon da aka tura a WhatsApp yana nuna cewa turo shi aka yi, amma ba ya faɗin daga wurin wa ya taso. Kafin zane ya ratsa zaure uku ya zama maraya. Wani ya yanke gefen da aka sa hannu don ya dace da fuskar wayarsa, wani ya rubuta barka da Juma'a a kan hayaƙin, wani ya ce tashar Kaduna ce, wani ya ce ta Kumasi ce, alhali Belabo aka zana.

Wannan maraici ya ƙara zama haɗari a yanzu da kwamfuta take iya ƙirƙiro hoto mai kama da zanen mai cikin daƙiƙu kaɗan. A rubuta mata jirgi a tashar Afirka da faɗuwar rana, ta fito da abu mai ƙyalli wanda babu wanda ya taɓa tsayawa a gabansa, da tashar da babu ita a ko'ina, da dogon da wani lokaci yake ƙarewa a cikin bango. In zanen ɗanmu yana yawo ba suna, ba wuri, ba shekara, da me za a bambanta shi da wannan? Aikin wata biyu da aikin daƙiƙa goma sun zama farashi ɗaya, kuma duk kasuwar da hakan ta faru, mai aikin wata biyu ne ke tashi.

Maganin ba sabo ba ne a wurinmu. Malamanmu da suka kwafi littattafai da tawada da alƙalamin kara, in sun kai ƙarshe ba sa ajiye alƙalami sai sun rubuta cewa an kammala, da hannun wane ɗan wane, mai littafin wane ne, sau da yawa har da rana da wata, sannan su roƙi mai karatu addu'a. Da irin waɗannan 'yan layuka ne masana a yau suke gane tafiyar littafi daga gari zuwa gari. Masu ilimin hadisi kuwa sun gina fanni guda a kan tambaya ɗaya, wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa. Ko wasiƙar mai unguwa ba ta aiki sai da kwanan wata da sa hannu da hatimi. Al'ummar da ta gaji wannan tarbiyya bai kamata a same ta tana yaɗa aikin hannun mutum kamar ganyen da iska ta kwaso ba.

Saboda haka muna kira ga masu zane da su riƙa yi wa aikinsu irin wannan rufewa. Su sa hannu a cikin zanen, a wurin da ba za a yanke ba sai an ɓata shi. In za su saka a shafi, su rubuta sunansu, da tashar ko wurin da suka zana, da shekarar, da girman ƙyallen a santimita, da irin fentin. Su faɗi ko a gaban jirgin suka tsaya ko daga hoto suka kwafa, in kuma hoton wani ne su nemi izininsa su ambace shi, domin wanda yake neman a kiyaye haƙƙinsa shi ya kamata ya fara kiyaye na wani. Su ɗauki hoton zanen da rana a inuwa, ba da fitilar waya ba, domin mai yana ƙyalli ya makantar da launi. Su ƙara hoto ɗaya na kusa da ke nuna sawun burushi, da wani da ke nuna zanen a jingine da bango ko kujera don a gane girmansa. Su kuma ajiye littafi a gida, kowane zane da lambarsa da wanda ya saya, domin shafi yana iya rufewa dare ɗaya, takarda kuwa tana jira.

Za a ce ambaton suna neman yabo ne, kuma mutumin kirki ba ya tallan kansa. Muna girmama wannan kunya, amma an sa ta a inda ba wurinta ba. Sa hannu ɗaukar alhaki ne kafin ya zama neman yabo. Wanda ya rubuta cewa wannan tashar Nanga Eboko ce a shekara kaza, ya ba duk wanda ya san tashar damar ya ce masa rufin ba haka yake ba. Wanda ya ɓoye sunansa ya tsere wa gyara ne. Maƙerin da ke buga alamarsa a jikin fartanya yana cewa ne in ta karye ga inda za a same shi.

Nauyin da ya rage namu ne, mu masu kallo. Kada mu tura zane sai da sunan mai shi, in ba mu sani ba mu tambaya, in ba a samu ba mu faɗi cewa ba a san mai shi ba. Kada mu yi rubutu a kan aikin wani. Mu kuma rage yabon da ba ya cin komai. Kalmar madalla sau ɗari uku ba ta koya wa yaro abin da tsohon ma'aikacin dogo zai koya masa da jimla ɗaya, in ya ce masa wannan injin ba ya jan irin wannan tarago, ko fitilar sigina ba a wannan gefe take ba. A cikinmu akwai direbobi da masu sayar da tikiti da 'yan dako da fataken shanu da suka ƙare ƙuruciyarsu a bakin dogo, sun san jirgi fiye da kowane malamin zane. Su yi magana, da taushi, a ƙarƙashin hoton. Yabon da ba gyara a cikinsa yana tura mai zane ga abin da ke jawo dannawa, wato jan sararin sama da jirgi mai walƙiya, har ya daina zuwa tasha, domin ya gane cewa masu kallonsa ba su damu da gaskiyar abin ba.

Daga ƙarshe, wanda Allah ya hore wa, ya saya. Fenti da burushi da ƙyalle daga waje ake kawo su, da kuɗi ake sayensu, kuma alamar so ba ta sayen bututu ɗaya na farin fenti. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ta taso a kan wannan dogo, da zai rataya zanen tashar garinsu a shagonsa ko zaurensa, da sunan yaron da ya yi shi da shekarar a ƙasa, da ya ajiye wa jikokinsa abin da ba za su samu a kasuwa ba ranar da suka tambaya yadda jirgin yake. Asalin zanen shi ne wanda ke kan ƙyalle, na waya inuwarsa ce, kuma al'ummar da ta wadatu da inuwa wata rana baƙo zai zo ya saye mata jikin.

Allah ya yi wa hannun 'ya'yanmu albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.